Babi na Bakwai: Abin Sha da Mahaɗinsa a Ƙasar Karaye

Bahaushe ba ya yabon abinci da baki cike. Yaron da ya kai loma ya ce "kai, miyar nan!" ya jawo wa kansa, don kafin ya haɗiye wani zai ce santi ya ɗebe shi, kuma zancen zai bi shi har dandali. Kushewa kuwa ta fi muni. Tun muna ƙanana ake gaya mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba: in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Tsakanin tsoron santi da wannan ladabi, baƙon da ya ci abinci a wani zaure a Karaye zai iya tashi da zaton mutanen garin ba su da abin faɗi game da ɗanɗano sai hamdala da "Allah ya ƙara buɗi".

Wannan zaton wanda bai shiga kasuwa ba ne. Maganar ɗanɗano a wuri biyu ake yin ta: gaban mai sayarwa kafin a miƙa kuɗi, da cikin madafa inda uwar miji ke tsaye a kan amarya. A nan babu kara.

Je ka inuwar da masu nono ke zama ranar kasuwa, a Karaye ko a Rogo, ka tsaya kusa da matar da ta zo sayen na gidanta. Ba ta fara da tambayar kuɗi. Faifai take ɗagawa ta leƙa.

"Inna, na yau ne ko ya kwana biyu?"

"Jiya na zuba shi, 'yata. Taɓa ki ji."

Sai ta tsoma ludayi, ta ɗaga sama, ta bar nonon ya koma ƙwarya a hankali tana kallon yadda yake sauka. Kindirmo guda-guda yake faɗuwa, ya bar farin shafi a jikin ludayin. Tsala, wanda aka kaɗe aka cire masa mai, zuba yake yi ɗaya. Ta kai hanci, tana neman ko akwai ƙarni, ko warin ƙwaryar da ba ta sha rana ba. Daga nan ta kurɓi kaɗan, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta yi shiru tana jiran abin da zai bari a maƙogwaro.

"Akwai garɗi. Amma tsamin ya fara hawa. Inna, ba dai an taɓa shi da kuka ba?"

"Haba 'yar nan, da daminar nan? Kuka ai sai bazara."

Dukansu suka yi dariya, don kowa ya san gaskiyar zancen. In rani ya tsananta, ciyawa ta ƙone, nono ya yi wuya, wasu kan ƙara ruwa, su dama garin 'ya'yan kuka don kauri da tsami su dawo. Ido yana iya ruɗuwa, harshe ba ya ruɗuwa. Tsamin kuka kaifi gare shi, da wuri yake bugun baki, kuma yana barin gari-gari a kan harshe. Tsamin nono a sannu yake zuwa, maiƙo na biye da shi. Wanda aka haɗa da madarar gari kuma sumul yake, ba guda ba laifi, sai dai babu ƙanshin saniya a cikinsa ko kaɗan.

Fararen shanun Fulani da suka cika wannan yanki, Bunaji, ba su da yawan nono, amma ɗan abin da suke bayarwa mai maiƙo ne, kuma yana bin shekara. Na damina, lokacin ɗanyar ciyawa, shi ne mai yawa, man da aka kaɗa daga cikinsa ya fi ɗaukar launi. Na kaka, sa'ad da shanu ke bin karan dawa da harawa a gonakin da aka girbe, wani ɗanɗanon ne daban. Tsofaffin mata sukan kurɓa su faɗi abin da saniyar ke ci, kuma ba kasafai suke kuskure ba.

Abin da matar nan ta yi cikin minti ɗaya, dubawa da shinshinawa da kurɓa da jiran abin da ya rage a baki, a Faransa da Italiya sana'a ce mai makaranta da takardar shaida. Su a kan giyar inabi suke yi. Mu wannan ba abin shanmu ba ne: addini ya haramta, kuma tun da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta kafa hukumar Hisba da doka a 2003, hukuma ma ta shigo cikin hanin. Amma harshen ɗan Adam iri ɗaya ne ko'ina, kuma da yake su sun zuba kuɗi da shekaru wajen binciken abin da ke faruwa a baki, akwai abin da za mu tsinta a wurinsu game da ƙwaryarmu.

A 1984 wata malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Ann Noble, ta zana wani faifai mai layi-layi, ta jera kalmomin ƙanshin giyar inabi a kai. Abin da ya dame ta shi ne masu ɗanɗano suna magana da kalmomin da ba mai iya tabbatarwa, wannan ya ce giya mai kwarjini ce, wancan ya ce mai ladabi ce. Ta ce a daina. Duk kalmar da za ta shiga faifan sai ta zama sunan abin da za a iya sa wa a kofi a shinshina, a yarda ko a musa. Turawa sun ɗauki wannan a matsayin ci gaba, kuma ci gaban ne. Sai dai kalmomin madafarmu tun asali haka suke. Kowace tana nuna mai laifi da yatsa. In uwar gida ta ce kunu ya yi ƙauri, wuta ce ta yi yawa. In ta ce gafi, gari ne ya daɗe a ajiye ko bai dahu ba. Zartsi laifin rijiya ne. Maƙaƙi, wanda ke kama maƙogwaro bayan an haɗiye, citta ce ta zarce ko mai ya tsufa. Lami, an yi rowar kayan haɗi. Tsararo ko tsululu, an yi ha'incin ruwa. A lura da abu ɗaya: kusan duka na kushe ne. Na yabo 'yan kaɗan ne, garɗi ne babbansu, wannan daɗin da ake ji a soyayyar gyaɗa da madarar da aka dafa, wanda ba zaƙi ba ne kuma ba gishiri ba. A ganina ba talaucin harshe ya jawo haka ba. Mai dafa abinci ba ta buƙatar a bayyana mata daɗi. Abin da take buƙata shi ne a gaya mata inda ta kauce don gobe ta gyara.

Har a sinadari ma akwai dangantaka. Tsamin da ke cikin 'ya'yan inabi, wanda Turawa ke kira tatarik, shi ne dai ke cikin tsamiya, kuma tsamiya na cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi kowa yawansa. Jan zoɓo da jan ɓawon inabi 'yan gida ɗaya ne. Baurin da ke sa baki ya tattare in an ciji ɗanyar kanya ko goro, shi ne abin da masu jar giya ke rubuta littattafai a kansa. Sinadarin tanin ne ke kama abin da ke sa yawu santsi, sai baki ya bushe, harshe ya ji kamar ya yi kaushi.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda duk mai yin kunun zaƙi ta sani ko da ba ta taɓa faɗa ba. Ana jiƙa gero ya kwana, a niƙa da citta da kanumfari da busasshen dankalin Hausa. A raba ƙullun biyu. Babban kason a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kirtif, a bar shi ya sha iska, sannan a juye ɗanyen a kai, a juya, a rufe. Da asuba in an buɗe, abin da aka bari da kauri ya saki, ya tsinke, zaƙi ya fito ba tare da an sa ko ƙwayar sukari ba. Dankalin da ke cikin ɗanyen ƙullun ne ya yi aikin: akwai wani sinadari a cikinsa da ke yanyanka sitacin gero ya mai da shi sukari, kuma zafi mai yawa na kashe shi. Shi ya sa amaryar da ta yi gaggawa ta juye ɗanyen ƙullu a kan mai tururi takan wayi gari da kunun da ya ƙi. Da hantsi kunun zaƙi yana kan ganiyarsa. Da la'asar, in ranar zafi ce, tsami ya fara rinjaye. Washegari robar ta kumbura, in an murɗa murfi sai ta yi huci, kumfa ya taso. Daga nan an kama wata hanyar.

Wannan hanyar ita Maguzawa suka bi har ƙarshenta. Yammacin Kano, daga Gwarzo da Karaye da Rogo har Malumfashi, tsohuwar ƙasarsu ce, kuma zuriyarsu na nan, da yawa sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939 ya kuma fitar da littafi a kansu a 1946, ya same su a zamanin da giyar dawa ke cikin bukukuwansu, tana kuma cikin manyan abubuwan da ke raba Bamaguje da maƙwabcinsa Musulmi, ga harshe ɗaya, ga noma ɗaya. Tsiron dawa da suke amfani da shi aikin da dankali ke yi a kunu shi yake yi. Bambancin, su sukan bar abin ya yi kwanaki har sukarin ya juye. Malamai ma da kwana suka auna iyakar. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi a ruwa, ya sha ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage ya sa a bayar ko a zubar. Mai tallan kunun da ke zubar da kwantai ba ta karanta wannan ba wataƙila, amma hancinta ya kai ta wurin.

To, mu koma kan mahaɗi, wato me ake sha da me.

Fura ba a neman mata abin ci, ita ce abincin. Duk haɗin a cikin ƙwaryar yake ƙarewa. Gero ne aka surfa, aka wanke, aka daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, aka cura, aka dafa, aka mayar turmi aka kirɓa. Kirɓin nan shi ne jarrabawa. Furar da ta kirɓu tana da danƙo da laushi, tana narkewa a ƙarƙashin ludayi ba gardama, kuma dattawa da yawa sun rantse suna gane ta turmi da ta inji tun kurɓar farko. Manomin da zai koma gona yana son a bar masa gaya ya tauna, don ita ke riƙe ciki. Tsoho da mara lafiya a dama musu ta mutu sosai. Amma ƙa'idar da ta fi burge ni ita ce wadda masu dama fura ke bi ba tare da sun ba ta suna ba: ba a haɗa tsami biyu. Sabuwar fura, wadda yajinta ke tashi, tana ɗaukar tsala mai tsami. Furar da ta kwana ta fara tsami da kanta, kindirmo mai sanyin baki take so, ko ma madara. In aka gwama kwananniyar fura da kwanannen tsala, sai dai a yi ta zuba sukari ana neman ceto.

A wajen ƙwaryar fura kuwa, yawancin haɗin da muka gada maganin abu biyu ne: maiƙo da yaji.

Ɗauki buɗa-baki da azumi. Ƙosai daga kasko yake fitowa, mai na naso. Ci uku a jere ba abin korawa, na huɗu zai ginshe ka. Kurɓi kunun tsamiya a tsakani, sai ka ji baki ya koma sabo. Tsami yana tsinko yawu, yawun ya wanke man da ya lulluɓe harshe. Koko ma, da ɗan tsamin gasararsa, aikin da yake yi wa ƙosai ke nan da safe. Kunun gyaɗa shi da kansa mai maiƙo ne, shi ya sa ba ya cika sai an matsa masa lemon tsami ko ruwan tsamiya, kuma shi ya sa ni ban ga hikimar haɗa shi da ƙosai ba, ko da yake gidaje da yawa suna yi: mai ne a kan mai, kafin a kira isha'i jiki ya mutu. Burodi ko busasshen abu ya fi dacewa da shi.

Kifi kuwa a ƙasar Karaye ya yawaita ne da zuwan madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, bangonta ya doshi kilomita 8. Ta cinye gonaki da garuruwa, ta kuma kawo masunta da kasuwar karfasa da tarwaɗa. Soyayyar karfasa mai zafi, an barbaɗa yaji, tana zuwa da matsala biyu, ga mai ga ƙarni. Lemon tsami yana maganin duka biyun, kuma ba rufe ƙarnin kawai yake yi ba. Abin da ke tashi daga kifi ya bugi hanci ɗan gidan kanwa ne a ɗabi'a, in ya gamu da tsami sai ya kwanta, ya daina tashi. Wannan ne dalilin da Turawa ke ba kifi farar giya mai tsami, shi ne kuma dalilin da zoɓon da ba a kashe masa tsami ba ya fi kowane lemon kwalba dacewa da kifin bakin dam. Lemon kwalba zaƙinsa ya danne ɗan tsamin da ke cikinsa. Ka sha, ka gama, ƙarnin na nan.

Nama sai shayi, kuma ba shayin mai shayi da aka cika da madara ba. Ina nufin irin na Buzaye, koren ganye da ake ta tafasawa a 'yar buta a kan gawayi har ya yi ɗaci da bauri, a zuba a ɗan ƙaramin kofi. Wanda ya ci balangu mai kitse ko ya wuni yana taɓa suyar layya ya san yadda leɓe da dasashi ke yin santsi. Kurɓa biyu na wannan shayi, santsin ya tafi. A 2012 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka sun gwada abin: suka ba mutane nama mai kitse, wasu na korawa da ruwa, wasu da shayi mai bauri, aka ga masu shayin sun fi jin maiƙon ya bar bakinsu. Kitse na sa santsi, bauri na sa kaushi, kowanne na goge ɗan'uwansa. A kan wannan ne duk dokar Turawa ta jan nama da jar giya ta tsaya. Makiyayin Azbin ya isa wurin da butarsa, ba tare da ya saɓa wa kowa ba.

Yaji kuma maganinsa nono. Abin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, don haka wanda attaruhu ya kama ya ɗaga kofin ruwa, yaɗa wutar kawai yake yi a bakinsa. Nono yana da maiƙo, yana kuma da wani sinadarin gina jiki da ke kama yajin ya tafi da shi. Shi ya sa fura bayan tsire, ko kindirmo bayan dambu mai yaji, ke sauka daidai.

Tuwo shi kaɗai ne ba shi da mahaɗi sai ruwa, kuma yawanci bayan an gama. Miyar kuka da ta ji daddawa da man shanu ba ta bar gurbin da wani abin sha zai cike ba. Wannan cikar bakin da daddawa ke bayarwa wani Bajapane, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarinta a 1908 a cikin romon ganyen teku, kuma shi ne dai ake dunƙulawa a sayar mana a takarda. Duk wanda ya ajiye wa baƙo tuwo da lemon kwalba ya yi karamci, amma ya ɓata wa mai miya aikinta. Sai dai ruwan ma ba ɗaya ba ne. Na wata rijiya zartsi gare shi, shayi ma ba ya daɗi da shi. Na randa, musamman wadda aka turara ko aka jefa wa saiwar jema, yana da ƙanshin ƙasa da sanyi mai laushi da ba ya kashe haƙori. Na leda in ya sha rana roba yake ɗanɗanawa. Bayan tuwo sai goro, kuma duk maci goro ya san sirrin nan: ka tauna, ka sha ɗacinsa da baurinsa, ka kurɓi ruwa, sai ruwan ya yi zaƙi.

Kanwa ita ce kishiyar tsami, kuma hannu take so. Kunun kanwa na mai jego ne da na ranar suna, ɗanɗanonsa a kwance yake, ba kaifi. Masu zoɓo kan jefa 'yar kanwa don rage tsami, kuma da ido ake gane wadda ta zarce: zoɓon ya bar ja ya koma duhu, kusan baƙi, a baki kuma ya yi laƙwas. Zoɓon nan da muke ɗauka abin yara, buhu-buhu ake ɗibarsa daga Jigawa da Kano da Katsina zuwa Meziko, inda suke shan sa da abincinsu mai yaji da maiƙo. Mutanen Masar da Sudan na ce masa karkade, na Senegal bisab. Kowa cikinsu tsamin ya sani.

Yanzu ga abin da ke damuna.

Rogo ƙasar rake ce, ita da Maƙarfi a Jihar Kaduna da Ɗanja a Jihar Katsina. Da kaka zuwa sanyi fadamunta cike suke, motoci na lodi. Mutanen nan ba baƙin zaƙi ba ne, kuma sun san zaƙi iri-iri ne. Mai shan rake yana bambanta gindi da kai, ya san gindin ya fi zaƙi, kan yana da ruwa-ruwa, ya san raken da ya kwana biyu a yanke ya fara tsami. Mazarƙwaila, wadda ake matse ruwan rake a dafa shi har ya kama a zuba a mazubi, zaƙinta yana da kaya a bayansa: ɗan ƙauri mai daɗi, ɗan ɗaci can ƙasa, ƙanshin wutar da ta dafa ta. In aka jefa ta a kunu ana jin ta ana jin kunun. Zuma ma haka, ta wani daji ta sha bamban da ta wani. Farin sukari kuwa an tace shi har ba abin da ya rage sai zaƙin tsura. Abin mamaki, mafi yawan wanda muke sha ba ma daga rakenmu ya fito ba. Ɗanyensa ake shigowa da shi ta jirgin ruwa, galibi daga Brazil, a tace a Legas, a hau da shi arewa ya wuce gonakin rake a hanya.

Zaƙin tsura ba ya zama tare da kowa, danne kowa yake yi. Ya shiga fura ya rufe citta da masoro, ya rufe har laifin nono, wanda shi ne ma ya sa mai ha'inci ke son sa. Ya shiga zoɓo ya kashe tsamin da ake nema don kifi. Ya shiga kunun zaƙi ya sa mai yi ta daina wahalar raba ƙullu, tun da cokali biyar zai ba ta cikin daƙiƙa abin da dankali ke kwana yana yi. Sai ƙanƙara ta zo ta ƙara. Harshe ba ya jin zaƙi sosai a abu mai sanyi ƙarara, don haka abin da za a sayar daga cikin kula dole a ƙara masa sukari fiye da wanda za a sha daga randa. Sanyin yana kuma kwantar da ƙanshi, alhali yawancin abin da muke kira ɗanɗano ta hanci yake shiga, kamar yadda duk mai mura ya sani. To ƙanshi ya kwanta, sai a nemo filebo na kwalba, na abarba ko na ayaba, a ɗiga. A ƙarshe zoɓo da kunun aya da ruwan citta duk sun koma abu ɗaya mai launi uku. Yaron da ya tashi a kan wannan, in ka tambaye shi yaya abin shan yake, amsarsa biyu ce: ya ji sukari, ko bai ji ba.

Ba na ɗora wa mai sana'a laifin duka. Na taɓa jin wani dattijo yana yi wa wata mai zoɓo ƙorafi a bakin wata makaranta.

"'Yar nan, wannan ai ruwan alewa ne. Ina tsamin?"

"Baba, in na bar tsamin ku nawa ne za ku saya? Yaran nan su ne kasuwata. In bai yi zaƙi ba gobe wajen waccan za su."

Gaskiyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato wajen ƙaramin cokali 12, in da hali ma rabin haka. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021. Babu ɗayansu da ya isa kular da ke bakin makaranta, kuma ba na jin zai isa.

Abin da ya fara juya lamarin ta wata ƙofa ya shigo. Ciwon sukari da hawan jini sun yawaita har a ƙauye, kuma gidan da likita ya hana maigida zaƙi dole a riƙa ɗebe masa nasa kafin a zuba. Wasu masu fura a tasha yanzu sukan tambaya, "Alhaji, da sukari ko babu?", tambayar da a da ba ta da dalili. Masu wannan larura sukan yi mako suna mita, fura ta yi salam, zoɓo na kashe haƙori. Daga baya mitar takan sake salo. Sai ka ji maigida yana cewa kanumfarin yau ya yi yawa, ko nonon na jiya ya fi garɗi, ko a daina sayo na wance don tana sa kuka. Uwar gida, wadda a da cokali biyu na sukari ke rufa mata asiri, yanzu sai ta koma zaɓen nono da kanta.